Sunan da Ke Ƙasan Shafi

"...lafiya lau, sai dai ganinki ya rage mini ita," in ji shi, ko kai bai ɗago daga kwamfuta ba.

'Yar gwaggonsa ce, taubashiyarsa, ta shigo ofis ta dire jaka a kan teburinsa. Su biyun suna cikin masu aikin sa-kai da ke kula da wani laburare na yaren kwamfuta, wato tarin shiryayyun umarni da masu rubuta manhaja ke ɗauka su yi aiki da su. Shafukan da ke bayanin yadda ake amfani da shi kuwa amininsa ne ya rubuta su, wanda kowa ke kira Sarkin Sauri, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai zuciya fes, amma yatsunsa kullum sun riga idonsa, haruffa na tsallake juna. Tun bayan rasuwarsa ta gyara kurakuran ta aiko, ɗan kawun nata ke da ikon amincewa, ya yi kunnen ƙashi.

"Bawana, gyarana ya yi gemu a layi. Ko karatun ne ya gudu?"

"Wa ye bawanki? 'Yar mace ce ke, ni ɗan namiji. Gaishe da ubangidanki."

"Ubangida mai shan shayina ba kunya? Danna mini amincewa in tafi."

"Ina nazari. Aikinki sai an tace shi kamar ruwan kududdufi."

"Haruffa ne fa da alamar baka ɗaya da marigayi ya manta bai rufe ba!"

"Ke da kika taɓa gyara agogon kaka ya koma tafiya da baya?"

"Ƙarya kake, kai ka zauna a kai. Wannan kan naka ma mai kama da tulu, da za a karɓi gyara da na aiko."

Ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Ya gangara da shafin har ƙasa, inda ake rubuta sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe. Sunan amininsa ne a wurin. Kowace safiya nan yake fara leƙawa kafin ya buɗe komai, kamar mai gaida maƙwabci ta katanga.

"In na danna, naki zai hau," ya ce a hankali. "Nasa ya sauka."

Ta jawo kujera kusa da shi. Ita ma ta san mutumin, shi ya koya mata aikin.

"Na san haka tun ranar da na aiko," ta ce. "Amma ka karanta koken da ke shigowa? Yaro ya kwafi misalin nan, abu ya ƙi tashi, ya wuni yana zargin kansa da daƙiƙanci. Daga baya ya gano laifin shafi ne. Ka san inda idonsa ke zuwa?"

"Ina?"

"Ƙasan shafi, ya ga wa zai zaga. Ka bar bawan Allah yana kwance ana yi masa tsaki daga ƙasashen da ko sunansu bai sani ba."

Ya zuba mata ido. "Tsaya. Kina nufin daga yau duk wanda abu ya ƙi masa, ke zai zaga?"

"Ni fa."

"Da harsuna daban-daban?"

"Har da waɗanda ba a fassarawa."

"Kai, me ya sa ba ki fara da wannan albishir ba!"

Ya ɗora yatsa a kan madannin, ya ɗan jima a haka. Leɓensa ya motsa da addu'a, sannan ya danna. Shafin ya sabunta, sunanta ya fito.

Ya goge ido da bayan hannu, yana dariya. "Dubi yadda sunanki ya ɓata shafin. Matso, baiwata, ni zan fara buɗe miki zagin."