Hoton Gidan Habboba

Babbar Sallar ƙarshe da muka yi tare a unguwarmu ta Umbadda, na shiga gidan kakarmu Habboba da kyamara a wuya ina tafiyar ƙasaita. Ƙirar Turai ce mai tsada, irin wadda ake leƙawa ta wata 'yar taga a gefe, ba ta gilashin gaba ba. Har allon bayanta na kashe, wai ƙwararru ba sa duba abin da suka ɗauka.

Na jera dangi a ƙarƙashin rumfa, Habboba a tsakiya bisa gadonta na igiya. Ƙanwata Nafisa ta zaro waya, na ce, "Mayar da abin nan, kada ki raina mana sana'a." Ta 'yar tagar kyamarar ina ganinsu fes.

Da na koma gida, hotunan duka baƙi ƙirin. Na aika kyamarar kamfaninsu da wasiƙar faɗa shafi biyu, na yi wata biyar ina jira. Ta dawo da amsa cikin ladabi: lafiyarta lau, sai dai a riƙa cire murfin gilashin kafin a ɗauka.

Yaƙi ya zo ya watsa mu, Habboba kuma ta rasu, Allah ya jiƙanta. Duk Sallah Nafisa kan turo baƙin hoton nan zauren danginmu na waya daga Alƙahira, Kawu Sale ya rubuta mini, "Ya Ustaz, dubi yadda Habboba ke murmushi!"

Nakan yi dariya. Sannan in ƙara wa wayata haske, ko zan gan ta.