Igiyar Usur Ta Yi Wa Ovila Nisa

"...Lafiya lau nake, kafin in gan ki," in ji tsoho Ovila, yana hararar jikarsa Maryse, direbar bas.

A bakin tashar La Prairie ta same shi, ranar bikin tunawa da layin dogo na farko a ƙasar. An gyara wani tsohon kan jirgi mai tururi, aka ce Ovila, da ya ƙarar da ƙarfinsa yana tuƙa irinsa, shi zai ja igiyar usur a buɗe biki. Bawan Allah, tun da ciwon ɓarin jiki ya taɓa shi bara, hannunsa ba ya wuce kafaɗa, ya kuwa ɓoye wa kowa.

"Ga safar hannun da ka aike ni, angona."

"Wannan ta masu wanke-wanke? Ba na hawa da ita. Je ki ce an fasa."

"Iye, an fasa! Kai da ka ce da ƙirji ka tura jirgin farko?"

"Da ƙirji fa! Tururi ya ƙare, na yi ta hura masa numfashi har Saint-Jean."

"Ashe kayan tarihi na aura. Bari in ce su saka ka a gilashi."

"Rufe min baki, mai akwala! Ku kuka kashe mana jirage, da hon ɗinku kamar agwagwa mai mura."

"Agwagwar dai tana kuka. Naka usur ɗin da ka ce Kaka Léontine na ganewa, a bakinka kaɗai nake jin sa."

A zamanin su Ovila kowane direban jirgi da irin busarsa. In ya zo wucewa ta bayan gida ya ja tasa, matarsa Léontine ta san ya kusa sauka, sai ta ɗora miyar wake. Ga shi yanzu ba ta duniya.

"Hannun ba ya ɗaguwa, Maryse," ya ce a hankali. "Duk gari zai gani."

"Na sani tun Kirsimeti, da ka sa ni sauko maka da hula daga ƙusa. Hau kawai. Ni matsoraciya ce, zan maƙale maka."

Haka aka yi. Suna hawa ta hango wutar kwal, ta kurma ihu, "Wayyo, zan ƙone!" Ta cukume shi, jama'a na ta dariyar direbar bas, ba wanda ya lura ta cusa kafaɗarta ƙarƙashin gwiwar hannunsa ta ɗaga. Yatsunsa suka kama igiya. Busa mai tsawo ta tashi, ta karye a tsakiya, ta sake miƙewa har bakin kogi.

Ovila ya share ido. "Hayaƙi ne."

"Na ga alama."

Ya yi dariya, ya cire tsohuwar hularsa ta aiki ya kifa mata a ka.

"Kin ci, agwagwa. To, ba kin ji usur ba? Je ki ɗora min miya."