Ranar da Na Yi wa Gafiya Wanka

Na manta sunayen wasu jikokina, amma ba zan taɓa mantawa da wankan gafiya ba.

Lokacin ina lebura a wani kamfanin jima a Challawa, farkon shekarun tamanin. Aikinmu jan ɗanyar fata daga safe har yamma, warin kuma ya bi ka har masallaci. Ni kaɗai ne cikin leburori na taɓa zama a aji (na tsaya a aji huɗu, amma a wurin ni farfesa ne).

Wata rana wani likitan dabbobi ya zo daga jami'a, Bahaushe ne, muna ce masa Dakta. Yana neman gafiyoyin da ke ramuka a bayan katangar kamfani, wajen kogi. Manaja ya tara mu ya ce wanda ya fi iya kamu, Dakta zai ɗauke shi yaron aiki, da farar riga, a gaban mota. Wato ban kwana da warin fata.

Dakta ya fara bayani da Turanci, sai ya tsaya ya dube ni.

"Ko in maimaita da Hausa?"

Na ce, "Haba Dakta, ai na gane."

Abin da na tsinta uku ne: gafiya, kaska, cuta. Sauran kuwa na cike da basirata. Na juya na gaya wa abokina Iro cewa Dakta ba ya son kaska, cuta ce, tsabtatacciyar gafiya yake so. Ai ko rago za ka kai wa babban mutum, sai ka wanke shi.

Iro ya ce, "Ni 'ya'yana ma ban wanke ba, sai gafiya?"

Na kama ƙatuwa guda da tarko. Na ɗaure mata baki da tsumma, na zauna a tsakar gida ina bin kunne da hammata da gindin wutsiya, ina tsince kaska ina jefawa a garwashi. Sannan na ɗauko bahon wanki da sabulun salo. Matata Hajara ta leƙo daga ɗaki.

"Malam, lafiya kuwa?"

"Aikin gwamnati ne, ba za ki gane ba."

"To in kun gama, ga kwalli nan."

Da safe na kai ta a kwando, gashinta na sheƙi. Iro kuwa ya jefo tasa a tsohon buhu, duk ƙasa. Leburori suka kewaye mu. Dakta ya ɗaga tawa, ya buɗa kunne, ya juya ciki, ya shinshina.

"Ina kaskar?"

Na gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, na gama da su. Ko ɗaya ba ta tsira ba."

Dakta ya dafe kai. Iro ne ya fara faɗuwa ƙasa da dariya.

Dakta mutumin kirki ne, bai zage ni ba. Ya ɗan ɗebi jinin gafiyar tawa ya shafa a gilashi, ya zuba masa wani ruwa mai launi, da ya bushe ya ce in sa ido a madubinsa mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Wallahi sai na manta da kunya. Jinin da na sani ja, ashe wasu 'yan ƙwalaye ne birjik, a cikin wasu kuma ga ɗigo-ɗigo zaune kamar 'yan haya.

"Waɗannan fa?"

"Su ne cutar. Gafiya na yawo da su, ita ko a jikinta."

"To wa ya shigar da su?"

"Kaska. Ta tsotsa a nan, ta kai can. Ina so in san wace iri ce, kuma ko tana hawa dabbobin gida ko mutum. Ita na zo nema tun daga jami'a."

"Wadda na..."

"Wadda ka gasa."

Ta Iro kuwa, kunnuwanta cike taf da kaska. Ranar ya hau gaban mota. Ni na koma jan fata, da sabon suna, Wanzamin Gafiya, wanda har yau tsofaffin garinmu Kumbotso ba su yafe min shi ba.

Tun daga nan, duk wanda ya ce ko ya maimaita min da Hausa, sai in gyara zama in ce ya maimaita. Kuma ba na wanke kayan kowa sai na tambaya, don wani dattin shi aka zo ɗauka.