Sunanmu a Jikin Busasshen Famfo

Shekaranjiya da hantsi ina tsakiyar yi wa wani bawan Allah gyaran fuska, reza tana daidai maƙogwaronsa, sai ga wata mata ta dire jarkoki a ƙofar shagona. Daga ƙararsu ka san ba ko ɗigo a ciki.

"Kai ne mai sunan nan da ke jikin famfo?"

Na ce, "Sunana ne, baiwar Allah, amma ki tsaya ki ji..."

"Ba abin da zan ji! Allah ya isa tsakanina da kai. Ka ɗauki sunanka ƙato ka manna a jikin abin da ko kaza ba zai shayar ba, ka dawo nan kana aske wa mutane gemu!"

Mutumin da ke kan kujera ya ce a hankali, "Maigida, ko za ka ɗan ɗaga rezar nan har ta gama?"

Jama'a, bari in ba ku labarin yadda mai aski ya wayi gari da laifin ruwan unguwa a wuyansa.

Mu uku ne a layinmu muke amsa suna ɗaya, har da sunan uba, alhali ba dangin iya ba na baba. Akwai ni, akwai Baba mai faci da ke da rumfa a bakin babban titi, sai Direba mai motar kwasar masai. Takwara muke ce wa juna. In aka ƙwala kira, kai uku ne ke juyowa. An sha kawo wa matata tsohuwar taya wai saƙon maigida, an kuma sha tare ni ina cin abinci a ce mini, "Malam, namu fa ya cika, yaushe za ka zo?" Duk da haka ba mu taɓa jin kunyar juna ba, don kowa ya riƙe sunan da mutunci, har shi Direba da ke wuni cikin wari.

Sai Allah ya ɗaga wani takwaranmu na huɗu ya hau kujera. Mai Girma, Garkuwar Masu Ƙishirwa, Inuwar Marasa Inuwa, Allah ya ƙara masa sanyin mota. Ranar da aka sanar, don murna kyauta na yi wa yaran layi aski. Ya yi mana alkawarin ruwa, muka jira har jariran lokacin suka isa ɗaukar jarka. Kwatsam bana aka zo aka kafa tanki a sama, aka jera kawunan famfo, aka girke wani allon dutse da sunansa, wato sunanmu, da ruwan zinare. Aka ce da kansa zai zo buɗewa.

Ana saura kaɗan bikin, sai ga Yallaɓai Shugaban Kwamitin Kawar da Abin Kunya daga Idon Manya, da leburori biyu ɗauke da bokitan fenti. Ya fara cin karo da motar Direba. Ya karanta sunan, ya karanta abin da ke ƙasa: "Kwasar masai cikin gaggawa." Nan take gumi ya karyo masa.

"Innalillahi! In mai ɗaukar hoto ya haɗa fuskar Mai Girma da wannan motar fa? A shafe! Duk allon da ke da sunan nan a layin nan, a shafe shi!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan nan fa ubana ne ya raɗa mini, ba aro na yi ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa ya hana ka amsawa? Rubutawa ce a bakin titi ta fi ƙarfinka."

Ni dai da sauƙi, mai gashi ya san ƙofata ko da ido rufe. Direba ma aka shafe masa, aka ce ya kai motar bayan gari har a watse. Wanda aka yanka shi ne Baba. Allon nan shi ne abincinsa. Direbobin manyan motoci daga garuruwa masu nisa suke faɗa wa juna, "In tayarka ta sace, lallaɓa har ka ga allon wane, facinsa ba ya tashi." Yawancinsu ba su san fuskarsa ba, sunan suka sani, ga rumfunan faci birjik a titin. Tsohon nan ya rungume ƙarfen allon yana cewa, "Ɗana, ka yi wa Allah. Tun ba a haifi maigidan naka ba nake manna roba da sunan nan." Aka ɓamɓare hannunsa, aka zuba farin fenti. Na ga hawaye a gemun Baba, kuma wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ranar biki kuwa sai wanda ya gani. Rumfuna, kujeru masu riga, 'yan tafi da aka kwaso mota-mota daga wata unguwa. Da sassafe wata tankar ruwa ta zo ta cika tankin ta sulale. Mai Girma ya iso bayan rana ta gama gasa mu, ya murɗa famfo, ruwa ya zubo shaa, ya jiƙa yatsu, aka ɗauki hoto, ya koma mota. Ko waiwayen allunanmu bai yi ba. Allah ya saka masa, bai taɓa sanin an shafe su ba balle ya ji nauyi.

Kafin mako ya zagayo tanki ya ƙafe. Muka tambaya, aka ce ai haƙa rijiyar burtsatsen yana cikin kashi na biyu na aikin. Kashi na farko hoto ne, kuma an kammala shi cikin nasara.

To ga inda ta ƙare mana. A duk layin, wuri ɗaya tak sunanmu ya rage a rubuce: jikin busasshen famfo. Baƙuwa ta zo da jarka, ta karanta, ta tambayi yara ina mai sunan nan, su nuno shagona. Na Baba ya fi muni. Direban babbar mota ya lallaɓo da tayarsa yana neman suna, sai ya gan shi da ruwan zinare a kan dutse, ya girgiza kai ya wuce rumfar gaba. Wani da ya gane Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Haba Baba, ashe kai ma ka bar faci ka shiga kwangila? Ka zama irinsu!" Baba ya ce mini rashin ciniki bai ƙona shi kamar maganar nan ba.

Don haka da matar nan ta gama wanke ni tas, na ƙarasa gyaran fuskar, na ja ƙofa, muka ɗunguma mu uku sai ofishin Yallaɓai. Baba ne ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, kun ce sunansa bai dace da rumfata ba, na haƙura. To ni ma sunana bai dace da famfonsa ba. A taimaka a cire."

Yallaɓai ya zabura. "Ka san abin da kake faɗa? Duk wanda ya taɓa dutsen nan sai ya kwana a ɗaure!"

"To allunanmu fa?"

"Biki ya wuce, an rushe kwamiti. Ku je ku rubuta abin da kuka ga dama."

Baba ya karkata kunne. "Abin da muka ga dama, ranka ya daɗe?"

"Na ce abin da kuka ga dama! Ku ba ni wuri, ina da taro."

Jiya muka haɗa hannu muka sayi gwangwanin baƙin fenti, muka kira mai zane. Ya mayar wa Baba sunansa raɗau, sannan Baba ya sa ya ƙara layi ɗaya a ƙasa da manyan baƙaƙe: BA MAI FAMFO BA. Ni ma aka rubuta mini. Direba ya ce a yi masa gaba da baya, tunda shi gari yake zagawa. Wai shi aƙalla in an kira shi yana zuwa, kuma ba a taɓa samun tankinsa ba komai ba.

Yau da safe sai ga Yallaɓai kamar an jefo shi. Ya tsaya gaban rumfar Baba ya karanta, ya sake karantawa.

"Wannan ai cin mutunci ne!"

Baba ko ɗagowa bai yi ba, yana tsoma tub ɗin taya a cikin ruwan baho yana neman huji, ruwan da shi ma sayensa ya yi. Ya ce, "Ƙarya na rubuta, ɗana?"

Baba ya juya tub ɗin a ruwa, ya ci gaba da magana.

"Ranar da famfon ya kawo ruwa, da hannuna zan goge. Yanzu dai ɗan matsa, ka tare wa mai motar can hanya."

Manyan motoci ne kuwa a jere suna jiran Baba, rabon da in ga haka tun kafin biki. Matar jarkoki ma ta wuce ɗazu, ta karanta allona, ta ce in yafe mata, ta kuma tambaye ni ina gidan na huɗun yake. Na ce mata ko ni takwaransa sai a hoto nake ganinsa.

Leburorin Yallaɓai sun manta rabin bokitin farin fentinsu a bayan shagona, na ɗauke shi na adana don ranar gogewa. Matata dai ta ce in daina wahalar da kaina wajen rufe murfin, wai fentin zai riga famfon tsufa.