Kitsen da Na Kai wa Bello Asibiti

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ƙasa ta rufe min ido, da ranar da na shiga asibiti da langar kitse a hannu.

Bello ɗana ne, shi kaɗai Allah ya bar min. Ciwon da ya ɗauke ubansa shi ya dawo kansa: ƙafafu su mutu sannu a hankali, hannu ya kasa riƙe moɗa. Da aka kwantar da shi, likitarsa, wata Rahila mai haƙuri, ta zaunar da ni. Ta ce ciwon na gado ne, kuma tushensa na hanta, ita ke haɗa abin da ke cin jijiyoyin. Ta ce a ƙasashen waje an yi wani magani mai rufe wa gadon baki. Wahalar ita ce kai shi inda aka aike shi, don jini kan lalata shi a hanya. Sai aka naɗe shi cikin kitse, hanta kuwa da ta ga kitse sai ta cafke.

Ni dai kitse na ji, na tashi. (Ta ci gaba da magana, amma zuciyata ta riga ta isa wurin mahauta a Ƙofar Kware, nan Sakkwato.)

Washegari na narka kitsen rago, na dunƙule ƙwayoyin da aka ba Bello a ciki, ɗaya bayan ɗaya, da bisimilla. Na ce in kitse ne, ai ba sai an je Turai ba.

Ina tsaka da ba shi sai ga likita da ɗalibai, duk da fararen riguna. Ta buɗe langar, ƙarni ya cika ɗakin.

"Inna, mene ne wannan?"

"Jiya ba ke kin ka ce hanta na son kitse ba, ɗiyata?"

Wani ɗalibi ya juya ga bango, kafaɗunsa na rawa. Ita ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ta ce kitsen da take nufi ido ba ya ganinsa, ta jijiya ake sa shi. Waɗannan ƙwayoyin na rage zafi ne kawai. Sannan ta faɗi abin da na ƙi tsayawa in ji: maganin ba mu da shi a nan.

Bello ya ce, "Likita, a bar ta. Na haɗiye biyu, kuma na ji dama."

Ƙarya yake, ya wuni yana amai. (Ya san aikin banza ne tun kafin ya buɗe baki.)

Yau Bello ba ya takawa. Na koyi sauraron likita har ta kai ƙarshe, ko da ƙarshen ba daɗi. Maganin nan an koya masa hanyar hanta, amma har yau ba wanda ya koya masa hanyar Sakkwato.