Ranar da Rokata Ta Fashe a Gaban Kaftin

Abubuwa da yawa sun shige mini, har sunayen wasu ɗalibaina sun ɓace, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da Kaftin ya zo makarantarmu a Tasawa ba. Ko na so in manta ma, mutanen garin ba za su bar ni ba.

A lokacin ina koyar da Faransanci a wata kolej. Saurayi ne ni, sabon dawowa daga Yamai, mai son guga da turare, mai ganin duk wanda bai iya jera dogon Faransanci ba bai gama wayewa ba. (Ku yi mini uzuri, ƙuruciya ce.) Shekarar kuwa ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ƙwari ba, rumbuna suka koma fanko, ga shi sojoji sun karɓi mulki, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Kullum sai ka ga benci ya ƙara faɗi a aji: wannan iyayensa sun tafi da shi cin rani, waccan an tsayar da ita gida saboda layin rijiya.

Abin da ya riƙe mana sauran yaran shi ne Madam Zuwaira da rokokinta.

Madam Zuwaira malamar kimiyya ce, ƴar Kanan-Bakashe, uwar ƴaƴa, ba ta da yawan magana. A wani taron ƙara wa juna sani a Maraɗi ta ga an harba roka ta ruwa, shi ke nan abin ya shiga ranta. Ga wanda bai sani ba, ba wani sihiri ba ne. Gorar lemo ce ta roba, a zuba mata ruwa kaɗan, a toshe bakinta, a kifa ta, a yi ta hura mata iska da famfon keke. Da an saki toshiyar, sai iska ta tunkuɗo ruwan ƙasa, gora kuwa ta yi sama.

A baki ne abin yake da sauƙi. Rokarta ta farko wuntsila-gudidi ta dinga yi har ta faɗa cikin kwandon mai ƙosai. Madam ta ɗauko ta tana jujjuyawa a hannu. Mako mai zuwa sai ga rokar da fukafukai da Madam ta yanko daga tsohuwar jarka. Ta daina wuntsilawa, amma tana karkacewa, sai Madam ta ɗaura mata ƙwallon goruba a ka don ya yi nauyi. Toshiya kuma da farko sai lokacin da ta ga dama take fita, ta jiƙe mai hura iska. Madam ta sassaƙo wata daga tsohon takalmin roba, ta yi mata maƙalli na waya da doguwar igiya, yadda mutum zai tsaya nesa ya ja. Ta kuma ƙara wa famfon dogon tiyo. Daga ƙarshe ta yi abin da ya sa na sallama mata: laima ta leda, a naɗe a kan rokar, wadda ke buɗewa da kanta in gora ta juyo.

Darektanmu, Mushe Amadu (Mushe shi ne yadda muke kiran malami namiji, aron Faransanci), bai so abin ba. Ya ce da wane ido zai kalli iyayen yara, mata na kwana a bakin rijiya mu kuma muna watsa ruwa sama? Madam ta ce yana da gaskiya. Washegari ta kafa baho a inda ake alwala, ruwan da ya taru shi ake zuba wa roka, a harba ta a tsakiyar ƴan zogalen da yara suka dasa, ruwan ya sauka a kansu. Darekta dai bai gamsu ba. Ya ce a ƙarshen wata za a daina.

Ni kuwa tun ina kallo daga bakin aji ina taɓe baki, har na koma mai riƙe mata igiya. Daga riƙe igiya na fara ba da shawara. Daga ba da shawara (kun san halina) na fara jin ai ni ma injiniya ne da ƙaddara ta kai shi koyar da nahawu.

Ana nan sai labari ya zo cewa wani Kaftin zai zagayo daga Maraɗi don ganin halin da makarantu ke ciki. Darekta ya rasa abin da zai nuna, don bencinmu a karye suke, ƴan waƙarmu kuma rabinsu ba sa gari. Dole ya ce a harba roka. Nan take na ga dama ta samu. Na yanke gorori biyu na haɗa su da gam, ta zama doguwa kamar taɓarya. Na shafe ta da launin tutar ƙasa, na rubuta mata suna a jiki: Tauraruwar Tasawa. Don kuma ruwan ya fito da kala a sama, na jiƙa garin ɗorawa na tace, ya yi rawaya shar.

Madam ta duba ta da kyau, ta bi mahaɗin da babban yatsa.

"Mushe, dabarar haɗa biyu tana da kyau," in ji ta. "Amma gam ɗin ga ban yarda da shi ba. Mu kai ta bayan katanga mu gwada tukuna, da dogon tiyo."

"Haba Madam, in aka gwada ta ai fentin zai goge."

"To ka karɓi famfona."

Na ce nawa sabo ne. (Sabo ne, amma tiyonsa bai fi kamu ɗaya ba.) Ta dube ni ta ce, "Allah ya sa a yi lafiya," ta ci gaba da naɗe laimarta.

Ranar na fito cikin farar shadda, riga da wando, guga har tana ɗaukar ido. Motocin sojoji suka shigo, aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru ƙarƙashin bishiyar bedi. Ga iyayen yara, ga ƴan talla, har wani mai amalanke daga Maijirgi ya tsayar da jakinsa yana kallo. Kaftin dogo ne, ba fara'a, ya zauna da baƙin tabarau, sojoji da bindigogi a bayansa. Darekta ya ce Madam ta fara. Na yi wuf na ce a bar babbar ta buɗe fili.

Na yi jawabi. Wayyo, na yi jawabi! Na kawo Faransancin da ni kaina ban tabbatar da ma'anarsa ba. Na ce yau Tasawa za ta gaisa da taurari. Sannan na tsaya a kan rokar, ƙafa nan ƙafa can saboda gajartar tiyo, na kama hura iska. Gora ta yi tauri. Na ji ta ce ƙis. Na ji Madam daga can tana cewa, "Mushe, ya isa haka." Na ce a raina bari in ƙara kaɗan don Kaftin.

Ƙarar da ta tashi, wallahi ko bindiga albarka.

Abin da ya biyo baya sai daga baya aka ba ni labari. Yara suka watse. Jakin Maijirgi ya zabura da amalanke, mai shi na bin sa da gudu. Sojoji suka yi tsalle gaban Kaftin, na ji ƙarar ƙarfe ƙaƙas-ƙaƙas. Ni dai abin da na sani, na tsinci kaina durƙushe a ƙasa, hannuwa sama, ido a rufe, ina kururuwa da Hausa tsantsa, Faransanci ya gudu ya bar ni:

"Farar hula ne ni! Don Allah kada ku harba, farar hula ne ni!"

Shiru. Na buɗe ido ɗaya. Babu wanda ya nuna ni da komai. Kaftin ya ture sojojinsa gefe, ya cire tabarau.

"Tashi, Mushe," in ji shi. "Ba a harbi kowa ba."

Na miƙe. A nan ne na ga idanun mutane duk sun sauka ƙasa da cibiyata. Na duba. Farin wandon nan, tun daga mazagi har gwiwa, ya jiƙe sharkaf da ruwa rawaya, yana ɗiga a kan takalmina. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta dafe ƙirji ta ce da ƙarfi, cikin tausayi na gaske, "Wayyo ɗana, tsoro bai yi ba. Ku ba shi zane."

Da na yi shiru, da watakila abin ya tsaya nan. Amma sai na ɗaga murya, na juya ina nuna wandon ga kowane ɓangare, ina cewa, "Ɗorawa ce! Wallahi ɗorawa ce!"

Wani soja ne ya fara, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Daga nan fili ya ɗauka. Yaran da suka gudu suka dawo don su yi dariya da kyau. Darekta kaɗai ne bai yi ba, fuskarsa kamar an aiko masa da sammaci. Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Sai ga Madam Zuwaira ta shigo fili a hankali, kamar ba abin da ya faru. Ta tsinci ɓallin gorar, ta kai wa Kaftin, ta nuna masa inda mahaɗin ya buɗe.

"Mon capitaine, iska ce kawai da ruwa. Mushe ya gwada mana abin da ba mu taɓa gwadawa ba, yanzu mun san gam ba ya riƙewa. In ka ba da izini, ga ƙaramar."

Ba ta dube ni ba, kuma na gode mata da hakan. Ta kafa rokarta a cikin zogale, ta ja tiyo nesa, ta hura iska, sannan ta miƙa wa Kaftin igiyar. Ya karɓa, ya ja.

Fuuu! Gora ta miƙe sak, ta wuce bedi, ta wuce tuta, ta koma ɗan ɗigo. Can ta tsaya kamar tana shawara, ta juyo, laima ta buɗe. Ta dinga saukowa a hankali tana lilo. Wata da watanni mutanen nan suna ɗaga kai sama neman hadari suna sauke shi da baƙin ciki. Ranar na ga sun ɗaga kai suna murna, har da sojojin, baki a sake. Na waiga, ba mai kallon wandona ko mutum ɗaya. Na sulale bayan aji.

An ce Kaftin ya sa an sake harbawa, shi da kansa ya hura iska. Bayan ƴan kwanaki wata motar soja ta sauke buhu cike da gororin roba a ƙofar makaranta, da saƙon a ba Madam, a kuma gaida mai ɗorawa. Darekta bai sake zancen dainawa ba. Kafin hutu Madam ta haɗa gora biyu baki da gindi, da ƙarfen bakin tayar keke, ba gam ko ɗigo. Rokar ta tashi har ta faɗa bayan gari. Madam ta gaya wa yara wai dabarata ce. Ni da ita mun san iyakar rabona a ciki.

Yanzu furfura ta fito mini, na koyar a Mayahi, na koyar a Atantane, amma sunan ya riga ni zuwa ko'ina. Kwanaki a kasuwar Maijirgi wani ƙaton jandarma ya tsayar da ni, gabana ya faɗi. Ya ƙame, ya sara mini, sannan ya sunkuyo ya ce a kunnena, "Mushe, ɗorawa ce?"

Abin da na koya dai shi ne, in wandonka ya jiƙe a gaban jama'a, kada ka yi bayani. Ko kana da gaskiya, ka ja rigarka ƙasa ka nemi hanyar gida.