Shalabiyya, Lambar da Ta Gagari Rabo

Duk garin Damanhur babu wanda bai san Ustaz Abdulwaris Shalabi ba. In ma akwai, to laifin kunnensa ne, don Ustaz bai taɓa gajiya da gabatar da kansa ba. Shi ne babban mai duba darasin lissafi a makarantun gari. Mu malamai a gabansa Fitilar Ilimi muke ce masa, a bayansa kuwa Ustaz Sifili, saboda siffar tumbin da kuma abin da ke cikin kan.

Saura shekara guda ya cika sittin a yi masa ritaya, shi kuwa gara a zare masa haƙori da a zare shi daga kujerar nan. Sai ga baiwa ta sauko. Wai ya gano wata lamba mai alƙaluma arba'in, wadda babu lambar da ke raba ta daidai sai ita kanta ko ɗaya. Ya raɗa mata suna Shalabiyya. Wa zai sallami mai irin wannan kwanya?

Wata biyu ya hana kowa ganin lambar, wai gudun kambun baka. Kirarinta kuwa mun sha har ya ginshe mu. A gidan gahawa yakan ajiye bututun shisha ya ce, "Turawa da injinansu shekara nawa suna lalube? Ni da fensir, tsakanin azahar da la'asar!"

Ranar nuna ta aka kafa rumfa, aka raba lemon sharbat, daraktan ilimi ya zo takanas don duba batun ƙara masa wa'adi. Aka yaye ƙyallen allo. Lamba ta miƙe kamar jerin gwano.

"Dubi ikon Allah, ranka ya daɗe!" in ji Ustaz. "Wutsiyarta ma shekarar haihuwata ce, 1965."

Sai Abla Nagwa ta ɗaga hannu. Malamar aji huɗu ce, wadda ya taɓa rubuta wa rahoto cewa ba ta da zurfi.

"Ustaz, a yi mini afuwa, ni dai ba ni da zurfi. Amma lambar da ta ƙare da biyar, ba biyar ke raba ta ba? Haka nake koya wa ɗalibaina."

Wallahi har Ustaz ya ba ni tausayi. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

"Kuskuren mai rubutun allo ne!" Ustaz ya daka tsawa. "Uku ce, ba biyar ba! Ni haihuwar 1963 ne, na rantse da Allah, ga yayata nan ku tambaye ta!"

Darakta ya buɗe fayil ɗinsa, ya duba a tsanake, ya rufe.

"A takardunmu 1965 ka rubuta. Ashe tun bara ka wuce sittin." Ya miƙa masa hannu. "Barka, Ustaz, lambarka ta tsira. Gobe ka kawo makullin ofis."